Kafin Ku Taɓa Babban Shafi

Ƙannena na Zugu da Parakou da Onklou, maza da mata, da duk wanda maganar ta shafa a wani gari.

Akwai wani aiki da wasunku suka tsunduma a ciki, wanda iyayenku ba su ma san sunansa ba, ni kuwa ina ganinsa da daraja ƙwarai. Kuna tara ilimi a wiki, wato taskar nan ta intanet da kowa yake iya shiga ya rubuta, wani ya zo ya gyara, wani ya ƙara a kai. Wasu a Wikipedia ta Hausa ko ta Faransanci suke yi. Wasu kuma hankalinsu yana kan taskar masoya abu guda: finafinan Kannywood, ko ƙwallon Panthères ta Zugu da Buffles ta Bargu, ko kokawa, ko tarihin unguwanni da zuriyoyi. Irin wannan taska takan fara da shafi goma, a hankali ta kai ɗari, ta wuce. Sai wata rana wani daga cikinku, galibi wanda ya fi iya kwamfuta, ya ce fuskar nan ta tsufa, jerin hanyoyin ya cakuɗe, a rushe a sake. Yawanci gaskiya yake faɗa. Ban zo in hana ku ba. Na zo ne in gaya muku wanda za ku yi wa aikin, don na lura a nan ne ake yawan kuskure.

Ku da kuka daɗe a ciki, ku ne kuka fi kowa rashin sanin inda babban shafinku yake ɓatar da mutum, saboda kun daina bi ta cikinsa tuntuni. Kun haddace sunan kowace maƙala, kuna buga shi kai tsaye ku isa. Wanda yake buƙatar babban shafi shi ne wanda bai san kome ba, wanda yau ne zuwansa na farko, kuma in bai sami abin da ya kawo shi ba, ba zai yi muku ƙorafi ba, ficewa zai yi. Ba ya cikin taronku, ba ya cikin masu jefa ƙuri'a, amma domin shi ake yin gyaran.

Wannan bai kamata ya zame muku baƙon abu ba, domin karɓar baƙi ne ya gina Zugu. A ƙarni na 19, ayarin fatake sukan taso daga Kano da Sakkwato da jakunansu, ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da gabu, su haye kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, wasu su bi ta Parakou, su sauka Zugu kafin su miƙa zuwa Salaga a Gwanja, inda za su sayo goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan hanya. Madugu ne shugaban ayari, jagaba ne ya san hanya, amma da zarar an iso gari, ilimin jagaba ya ƙare, sai na fatoma, wato mai masaukin baƙi. A Zugu, sarki yana unguwar Kilir, 'yan kasuwa suna unguwar Wangara, kuma falke ba fada yake fara nufa ba, gidan mai masaukinsa yake nufa. Ku yi tunanin mutumin nan: ya yi makonni a hanya, ƙafa ta kumbura, jakuna sun galabaita, ba ya jin Dendi, ba ya jin Yom. Fatoma ya san abin da ke ransa tun kafin ya buɗe baki. Ga inda za ka sauke kaya, ga rijiya, ga inda za a ɗaure dabbobi, ga yadda kanwa take tafiya a kasuwa a makon nan, ga wanda za ka ba bashi ka yi barci, ga wanda ba za ka ba ba. Shi ne tafinta, shi ne dillali, shi ne mai tsaya wa baƙo in rigima ta taso. Ba ya tare shi a bakin ƙofa da tarihin kakanninsa ko lissafin ɗakunan gidansa. In baƙon ya huta, ya ci, ya sayar, to da daddare a yi wannan hirar. Fatoman da ya iya wannan, baɗi ayari gidansa za su dawo, har su kawo masa wasu. Aikin babban shafi ke nan, ba ragi ba ƙari.

To amma ku duba abin da aka saba cika shi da shi. Doguwar maraba mai sakin layi uku. Sunayen waɗanda suka kafa taskar. Ƙaton hoto. Adadin maƙalolin da aka rubuta, da manyan lambobi. Sanarwar taron masu gyara na watan jiya. Duk waɗannan abubuwa ne da suke faranta wa masu gida rai, kuma ban ce a zubar da su ba, suna da muhallinsu a can ƙasa ko a wani shafi na dabam. Abin da nake ƙi shi ne su tsaya tsakanin baƙo da buƙatarsa.

Ku je tashar mota a Parakou da hantsi, ku tsaya kusa da masu kabu-kabu da ke jiran fasinja. Ga wani saurayi zaune a kan babur ɗinsa, gilashin wayarsa ya tsage daga kusurwa, ya sayi data ta dala ashirin, wato sefa 100. Gardama ta kaure tsakaninsa da abokinsa a kan shekarar da ɗan wasan Kannywood Ibro ya rasu. Ya zaro wayar, ya kare hasken rana da tafin hannunsa na hagu, yana latsawa da babban yatsan dama, ido ɗaya a kan waya, ɗaya a kan motar da ke sauke fasinja. Amsar kalma uku ce, Disamba ta 2014. Idan shafinku sai ya gama sauke hoton da ya cinye rabin datarsa kafin akwatin bincike ya bayyana, ko kuma rubutun ƙanana ne har sai ya buɗa yatsu biyu, to fasinja zai iso kafin amsa ta iso. Wannan saurayin shi ne mai karatunku. Ba mai faffaɗar kwamfuta a ɗakin karatu na Jami'ar Parakou ba, ko da yake shi ma muna marhabin da shi.

Shi ya sa nake roƙonku, duk abin da za ku tsara, ku fara ganinsa a waya, kuma a waya mai araha. Akwai tarko a nan da mutane da yawa ba su sani ba. A Wikipedia, jerin hanyoyin da ke gefen allo a kwamfuta, a waya yana ɓoye ne a bayan wasu layuka uku ƙanana a kusurwa. Akwatunan nan na ƙasan maƙala masu jera 'yan'uwanta, waɗanda masu gyara suke kwana suna ƙawatawa, a fasalin waya ba sa ma fitowa. Mutum zai iya ɓata wata guda yana gyaran abin da akasarin masu karatunsa ba za su taɓa gani ba.

Sannan ku san cewa yawancin mutane ba ta babban shafi suke shigowa ba. Google ne yake jefo su tsakiyar taska, ko kuma wani ya turo musu mahaɗi ta WhatsApp. Saboda haka kowace maƙala ita ce farkon abin da wani zai gani. Layinta na farko ya faɗi ko mene ne abin, a ina yake, kuma ya ɗauki mahaɗi biyu ko uku da za su kai mutum gaba. Manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia da Fandom suke aiki da ita, tana da shafi na musamman da ke lissafo marayun maƙaloli, wato waɗanda babu wata maƙala da ke nuni zuwa gare su. Ku buɗe shi kafin ku fara maganar launi. Sau da yawa za ku tarar aikin da ya fi gaggawa yana nan, ba shi da ƙyalli, ba wanda zai yaba muku a kansa, amma shi ne yake haɗa taskar ta zama abu ɗaya.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, wato sunaye. Babu wanda yake neman Rabilu Musa, Ibro ake nema. Hadiza Gabon aka sani, ba Hadiza Aliyu ba. Wani ma ɗan wasan ba a san shi da kowane suna ba sai wanda aka ba shi a Daɗin Kowa. Garin Zugu kansa, Bafaranshe ya rubuta Djougou, kakanninmu fatake suka ce Zugu, yaron da ya tashi a Kano zai iya buga Jugu. Wanda ya buga Benin, ko dai Jamhuriyar Benin yake nufi, wadda ake kira Dahomey har 1975, ko kuma birnin Benin na jihar Edo a Najeriya, kuma dole a tambaye shi wanne. Ga kuma matsalar da ta fi damun mu masu rubutun Hausa: haruffa masu ƙugiya. Wayar da aka saita da Faransanci ba ta da ɓ da ɗ da ƙ a kusa, don haka mutum zai buga “kasa” yana nufin “ƙasa”. Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ, ku kuma kuna tsakani, kuna karanta na kowa. Kada ku ɓata lokaci kuna gardamar wanne ne daidai har zumunci ya yi tsami. Ku zaɓi ɗaya ya zama sunan maƙala, sauran duka ku yi musu shafin miƙawa, wanda layi ɗaya ne tak, da zai ɗauki mutum daga sunan da ya sani zuwa inda kuka ajiye abin. Ni a ganina shafin miƙawa guda hamsin sun fi sabon zanen babban shafi amfani, nesa ba kusa ba.

Haka nan rukunoni. Akwai jan hankali ga tsara garuruwa yadda gwamnati ta tsara su, don yana da tsabta: larduna 12, ƙananan hukumomi 77, Zugu kuma tana da gundumomi 12, Onklou ɗaya daga ciki, tare da su Kolokondé da Partago da Pélébina da Bariénou. Wannan tsarin ya zauna, ba laifi. Amma ku tuna mai neman Onklou ta wannan hanya sai ya san tana ƙarƙashin Zugu, Zugu kuma tana lardin Donga, alhali Donga sai a 1999 aka cire ta daga Atakora. Dattijon da ya bar gida kafin nan, ko jikansa da aka haifa a Kumasi yana neman garin kakansa, a Atakora zai duba. Mutane suna riƙe wurare ne ta hanyar mota, ta ranar kasuwa, ta dangin da ke can. Ku buɗe musu hanya ta biyu da ta uku zuwa abu guda, wiki ba ya hana maƙala ɗaya zama cikin rukuni da yawa.

Kada wani ya ce muku sake jera abin da wasu suka tara ƙaramin aiki ne. Malamanmu sun yi shi, kuma sun ɗauke shi ilimi. Imam Ibnu Hibban, wanda ya rasu a 354 bayan hijira, ya tattara ingantattun hadisai ya jera su a wani tsari nasa na kashi-kashi da nau'i-nau'i, ba bisa babukan fiƙihu ba, ba kuma bisa sunayen sahabbai ba. Littafin yana da girman daraja, amma nemo hadisi guda a cikinsa ya zama wahala har ga malamai. Aka yi kusan shekara ɗari huɗu a haka, sai Ibnu Balban, wanda ya rasu a 739, ya zauna ya sake jera shi bisa babuka: tsarki, salla, zakka, har ƙarshe. Musnadin Imam Ahmad ma, da yake jere bisa sahabin da ya ruwaito, Ahmad al-Banna as-Sa'ati na Masar ya mayar da shi bisa babuka a ƙarni na 20, saboda mai tambaya a kan hukuncin alwala bai san wane sahabi zai nema ba. Abin da ya fi burge ni a aikin Ibnu Balban shi ne ladabinsa. Bai taɓa hadisan ba, kuma a kan kowane hadisi ya bar alamar da ke nuna gurbinsa a tsarin marubucin na asali, yadda wanda ya saba da tsohon jeri ba zai ɓata ba. Ya sauƙaƙa wa na baya ba tare da ya shafe sawun na gaba ba.

Wannan ladabin shi ne abin da samari suka fi saurin mantawa. Shafin da kuke gani ya tsufa, wani ne ya kwana yana haɗa shi lokacin da taskar ba ta da kowa sai shi. Idan ya wayi gari ya tarar an share aikinsa ba sallama, zai yi shiru ne ya janye, ku kuwa ku yi asarar mutumin da ya fi kowa sanin inda kome yake. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma fa sai an iya faɗa.

Manyan taskoki na duniya sun ɗanɗana wannan. Kamfanin Wikia, wanda aka kafa a 2004 kuma daga baya ya koma Fandom, ya sauya fasalin shafukansa a 2010 ba da son masu rubutu da yawa ba. Masoya wasan World of Warcraft suka kwashe maƙalolinsu suka kafa Wowpedia a wani wuri. A 2023 masu taskar wasan Minecraft su ma suka bar Fandom, suna kukan yawan talla da rashin iko da fasalin shafinsu. Ita kanta Wikipedia, lokacin da ta zo sauya fasalinta bayan fiye da shekara goma, ba dare ɗaya ta yi ba. Tun 2020 aka fara gwada sabon fasalin a wasu harsuna, ciki har da Faransancin da kuke karantawa, sai a Janairun 2023 ya zama na kowa a Wikipedia ta Ingilishi, kuma aka bar wa mai rajista damar komawa tsohon in ya ga dama. Duk da wannan taka-tsantsan, sai da aka yi ce-ce-ku-ce mai zafi na makonni. In haka ta faru ga masu ma'aikata da kuɗi da shekarun shiri, ku da kuke 'yan tsiraru, kuma kuna haɗuwa a masallaci da gidan biki, ku fi su kiyayewa.

Ku gina sabon a shafin gwaji, tsohon yana nan daram. Ku kai wa waɗanda suka riga ku, ku ce musu yaya, ga abin da muke tunani, me ka gani. Ku ba da lokaci na gaske, mako biyu ko uku, don wani yana gona, wani yana hanya da kaya, wata sai ƙarshen mako take samun waya. Ku yi bayanin da harshen da kowa zai ji, in ta kama a maimaita da Dendi ko Faransanci a maimaita. Abin da aka yi sabo da shi shekaru, kamar inda akwatin bincike yake da sunayen manyan rukunoni, kada a motsa shi sai da dalili mai ƙarfi, kada garin neman gira a rasa ido.

Amma yardar 'yan gida kaɗai ba ta isa ba, tunda mun ce ba su ne makafin hanyar ba. Jakob Nielsen, wani masanin sauƙaƙa amfani da kwamfuta ɗan asalin Denmark, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono mafi yawan matsalolin shafi. Wannan gwaji ba ya cin ko dala. Ku nemi mutum biyar da ba su taɓa ganin taskarku ba, kuma kada duk su zama irinku: mai sayar da atamfa a kasuwar Arzeke, ɗalibar sakandare, malamin makarantar allo mai waya, direba, dattijo mai tabarau. Ku miƙa wa kowa wayar ku ce, nemo mini 'yan wasan fim kaza, ko nemo mini gundumomin Zugu. Daga nan ku kama bakinku. Wannan shi ne mai wuyar. Za ku ga yatsarta tana shawagi a kan allo, ta wuce mahaɗin da kuke alfahari da shi har sau biyu ba ta gan shi ba, ta latsa hoton da ba ya kai ko'ina, ta ɗago ta dube ku. Ranku zai ce ku nuna mata. Kada ku nuna, ku rubuta inda ta tsaya. In uku cikin biyar suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ba su ne ba su gane ba, wurin ne yake da gyara. Kuna iya kuma rubuta sunayen maƙaloli talatin a 'yan guntayen takardu, ku zube musu a tabarma ku ce su kasa su yadda ya yi musu daidai, su sa wa kowane kashi suna. Sunayen da suka fito daga bakinsu su ne ya kamata su hau jerin hanyoyinku, ko da ba su yi kama da na littafi ba.

Saura abu guda, shi ne abin da zai faru bayan zumuɗin ya lafa. Kowa yana son ya sa akwatin “maƙalar mako” da “labaran yau” da “a rana irin ta yau”, don ya gani a Wikipedia ta Ingilishi. Ita tana sauya zaɓaɓɓiyar maƙalarta kullum ne saboda tana da dubban masu sa kai. Ku kuwa jarabawa za ta zo, damina za ta zo, wani zai tafi Kwatano neman aiki, wata za ta yi aure ta koma Malanville. Baƙon da ya shigo ya ga “labaran yau” suna maganar wasan da aka buga bara zai ɗauka an watse, ko da kuwa jiya aka rubuta sabbin maƙaloli biyar a ciki. Manhajar tana iya nuna sababbin maƙaloli da sauye-sauyen baya-bayan nan da kanta ba tare da hannun kowa ba, ku dogara da irin waɗannan. Duk akwatin da sai mutum ya zo ya sabunta shi, kafin ku sa shi ku rubuta sunan mutum biyu da suka ɗauki nauyinsa da ranar da za su riƙa yi. In ba a sami biyun ba, a bar gurbin ga akwatin bincike da manyan rukunoni shida ko bakwai, a ci gaba da rubuta maƙaloli.